Shin watsa fenti a kan ƙyalle gwaninta ce? Amsa ga wani ɗalibin zane

Wani ɗalibi da ke koyon zane a wata kwalejin ilimi ya aiko mini da tambaya, kuma daga yadda ya rubuta ta na fahimci abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Ya ce ya ga hoton wani aiki na Ba'amurken nan Jackson Pollock, babu mutum a ciki, babu bishiya, babu gida, sai fenti da aka ɗiɗɗiga ko ta ina, aka kuma gaya masa cewa gwamnatin Ostareliya ta saye shi a 1973 a kan dala miliyan 1.3 na kuɗin ƙasar. Shi kuwa malaminsu ya shafe zango guda yana sa su zana tulu da ƙwarya, yana soke aikinsu da jan biro idan inuwa ta karkace. Tambayarsa ita ce: masu irin wannan aiki sun iya zane kuwa, ko gazawarsu ce aka mayar gwaninta, kuma idan watsa fenti ya wadatar, don me ake wahalar da su?

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma ba kai ne farkon wanda ya yi ta ba, domin mutanen Ostareliya da kansu sun yi ta surutu a kan wannan ciniki a lokacin da aka yi shi. Batun kuɗin zan ajiye shi gefe, saboda farashin zane al'amari ne na kasuwa da dillalai da masu hannu da shuni, kuma sau da yawa ba ya faɗin komai game da ingancin aikin. Abin da zan amsa shi ne na gwaninta. A iya abin da na karanta, na kuma gani da idona a shekarun da na yi ina koyarwa, masu zanen da suka karya ƙa'ida har sunansu ya ɗore sun san ƙa'idar ciki da bai kafin su karya ta, akwai wata matsala takamaimai da tsohuwar hanya ta kasa warware musu, sannan sabuwar dabarar da suka fito da ita tana da nata horon, wanda wani lokaci ya fi na farko wuya.

Sai ka san abin da aka bijire wa kafin ka gane bijirewar. A Faransa an kafa makarantar sarauta ta zane da sassaƙa a 1648, kuma ita da magadanta suka riƙe linzamin wannan sana'a fiye da shekara ɗari biyu. Ɗalibi yakan fara da kwaikwayon zanen wasu, ya wuce zuwa gumakan filasta, sannan a bar shi ya zana mutum mai rai, kuma sai ya ƙware a layi da inuwa kafin a yarda ya taɓa launi. An jera darajar zane hawa-hawa: labarin tarihi da na addini a sama, hoton mutum a ƙarƙashinsa, shimfiɗar ƙasa da kayan marmari a can ƙasa. Ana son fuskar zane ta yi sumul har ba a ganin sawun buroshi, kamar yadda ake son ɗinkin babbar riga ya kwanta ba tare da an ga inda allura ta shiga ba. Baje kolin hukuma, wanda ake kira Salon, shi ne kasuwar, kuma wanda alƙalansa suka ƙi aikinsa ya rasa masu saye. A 1863 waɗanda aka ƙi sun yi yawa, koke-kokensu suka kai kunnen Sarki Napoleon na Uku, har ya ba da umarni a buɗe musu nasu zauren dabam, inda jama'a suka yi ta tururuwa, akasarinsu don su yi dariya.

Wani ƙaramin abu ya taimaka wajen rushe wannan tsari, wato bututun fenti na ƙarfe mai laushi, irin wanda kake matsawa a aji, wanda wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya ƙirƙiro a 1841. Kafin nan mai zane yakan niƙa launinsa da mai, ya ɗura a mafitsarar dabba, abin da ke da wuyar ɗauka zuwa daji. Da bututu ya samu, sai Claude Monet da abokansa suka fita bakin kogi suna zane a tsakiyar rana, suka kuma tarar da matsalar da ba a koya musu maganinta ba: haske a kan ruwa ba ya jiran kowa, kafin ka gama laulaye inuwa yadda makaranta ta ce, rana ta gusa, launin ya sauya. Dole ta sa suka koma ɗora launi da gajerun bugu, da sauri, ba tare da sun shafe sawun buroshi ba. Da suka baje aikinsu da kansu a Faris a 1874, masu sharhi suka ce ai waɗannan ba su gama aikin ba. Abin da aka ɗauka kasala ce, amsa ce ga tambayar yadda za a kama haske kafin ya gudu.

Wanda na fi so in nuna wa ɗalibai shi ne Georges Seurat, domin shi kaɗai ya isa ya kawar da zaton cewa barin ƙa'ida neman sauƙi ne. Ya yi karatu a babbar makarantar zane ta Faris, kuma zanensa na baƙin alli yana cikin mafi kyau da aka yi a zamaninsa. Sai ya ci karo da binciken wani masanin sinadarai, Michel Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins. An riƙa kawo wa Chevreul ƙara cewa wasu zarurrukan da ake rinawa ba su da ƙarfin launi, da ya bincika sai ya gano rinin lafiyarsa ƙalau, launin zaren da ke maƙwabtaka da shi ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. Duk wanda ya taɓa zama da marina ko masu aikin hula ya san wannan a aikace: shuɗi kusa da fari dabam, shuɗin nan kusa da ja dabam. Seurat ya ɗauki wannan ya ce, maimakon ya gauraya launuka a faranti su dusashe, zai ajiye ɗigon kowane launi tsantsarsa kusa da ɗan'uwansa, ya bar idon mai kallo ya yi gaurayar. Babban aikinsa na mutanen da ke hutawa a tsibirin Grande Jatte, mai tsawon kusan mita 3 da tsayin mita 2, ya ci masa shekara biyu, daga 1884 zuwa 1886, bayan gwaje-gwaje masu yawa a ƙananan alluna. Idan ka matsa kusa da ciyawar da ke cikinsa ba za ka ga kore guda ba, sai ɗige-ɗigen kore da rawaya da ruwan lemo da shuɗi, idan ka ja da baya taku biyar sai su haɗe su zama ciyawa da rana ke duka. Gwajin kuma bai tafi ba asara, domin wani sabon rawaya da ya yi amfani da shi ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa cikin 'yan shekaru, har yau ana ganin tabonsa a zanen da ke Chicago. Seurat ya rasu a 1891 yana da shekara 31.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1912 Pablo Picasso, wanda mahaifinsa malamin zane ne kuma tun yana yaro ya iya duk abin da makaranta ke nema, ya manna ƙyallen shimfiɗar tebur mai hoton saƙar kujera a cikin zanensa, ya kewaye shi da igiya, shi da Georges Braque suka shiga manna takardun jarida. A 1925 Max Ernst ya ɗora takarda a kan tsohon daɓen katako ya goga fensir, ya riƙa ciro dazuzzuka da tsuntsaye daga jijiyoyin icen. Henri Matisse kuwa, da rashin lafiya ta kwantar da shi bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, mataimakansa suna kafa su a bango inda ya nuna.

Yanzu ga mutuminka Pollock. Ya yi karatu a New York daga 1930 a hannun Thomas Hart Benton, mai zanen mutane da gonaki wanda ba ya wasa da tsarin jiki da daidaiton fili. A 1936 ya shiga wani zauren gwaji na mai zanen bangon nan ɗan Meziko, David Alfaro Siqueiros, inda ake zuba fentin masana'antu ana fesa shi, ya kuma ga yadda 'yan ƙabilar Navajo, 'yan asalin Amurka, ke zane da yashi mai launi a ƙasa. Ba shi ne ya fara ɗiga fenti ba, wata mata mai suna Janet Sobel ta riga shi, kuma ya ga aikinta, ko da yake tarihi ya daɗe bai ba ta haƙƙinta ba, abin da har yau yake ɓata mini rai. Abin da Pollock ya yi daga 1947 zuwa 1950, a wata rumfar ajiya da ke bayan gidansa a Long Island, shi ne ya sauke ƙyallen daga jingina ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya ɗauki fentin gida mai sheƙi na gwangwani, ya riƙa zagaya ƙyallen ta kowane gefe da sanda ko busasshen buroshi, ba tare da abin da ke hannunsa ya taɓa ƙyallen ba. Matsalar da yake son warwarewa ita ce, a tsohon tsari layi bawan siffa ne, aikinsa kawai ya kewaye hannu ko tulu, shi kuma yana son layi ya tsaya da ƙafarsa, ya zama sawun motsin jikin mutum gaba ɗaya, daga kafaɗa har ƙugu.

Ka gwada da kanka kafin ka yanke hukunci, domin ni nakan sa ɗalibaina su gwada. Mukan shimfiɗa takardun buhun siminti a tsakar fili, kowa ya ɗauki gwangwanin fenti da tsinke. Abin da ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. Wanda fentinsa ya yi kauri sai ya riƙa faɗowa guda-guda kamar kashin awaki, wanda ya tsinka nasa da yawa sai ya malale ya zama tabki, wanda ya sami daidai kuma sai ya tarar cewa idan hannunsa ya yi jinkiri layin yakan nannaɗe kamar zuma, idan ya yi sauri yakan tsinke. Sannan idan aka zuba launi na biyu kafin na farko ya sha iska, duka sukan cakuɗe su zama ruwan kwata. Cikin minti goma yawancin takardun sun mutu, sun zama taɓo, ba wurin da ido zai shiga ya fita. Sai in nuna musu hoton aikin Pollock na 1950 da ake kira Autumn Rhythm, wanda tsawonsa ya haura mita 5, in ce su bi baƙin layi guda da ido: yana farawa siriri kamar zare, ya kumbura, ya lanƙwasa, ya nutse ƙarƙashin fari, ya ɓullo can gaba, kuma duk faɗin ƙyallen babu kusurwar da ta fi wata nauyi, ga ƙyallen kansa yana leƙowa ta tsakanin layukan yana ba su iska. Shi da bakinsa ya ce yana iya sarrafa kwararar fentin, babu wani abu na tsautsayi a ciki. Wanda ya taɓa kallon mai kwasar fura tana zuba nono daga sama ba tare da ɗigo ya fita ƙwarya ba ya san cewa zuba ruwa ma hannu ne.

Wata Ba'amurkiya mai zane, Helen Frankenthaler, ta ga aikin Pollock, ta ɗauki shimfiɗawa a ƙasa, ta bar sauran. A al'ada ana yi wa ƙyalle farin shafe kafin a fara zane, kamar yaɓen da ake yi wa bango, don fenti ya zauna a sama. Ita a 1952, tana da shekara 23, ta tsinka fentin mai har ya zama kamar ruwan shayi, ta zuba a kan ɗanyen ƙyalle da ba a shafe ba, launin ya shige cikin zaren, ya zama ƙyallen da launin abu guda ne, kamar rini. A irin wannan aiki babu gyara, abin da ya zuba ya zuba, don haka dole hukuncin ya riga hannu. Ita ma ta biya farashi, domin mai yakan bar da'ira mai maiƙo a gefen launi, yana kuma cin zaren a hankali, abin da ya sa daga baya ta koma fentin roba mai tsinkuwa da ruwa. Wasu sun tafi nesa fiye da haka. Kazuo Shiraga na Japan, wanda ya koyi zanen gargajiyar ƙasarsu a Kyoto, ya riƙa kama igiya da aka ɗaure a rufi yana murza tulin fenti da ƙafafunsa tun daga 1954. Alberto Burri, likitan sojan Italiya da ya fara zane a sansanin fursunonin yaƙi a Texas, ya koma ɗinke tsofaffin buhuna da ƙona roba, kuma da wuya ka kalli ɗinkinsa ba ka tuna rauni da bandeji ba. Lucio Fontana ya tsaga ƙyallen da reza, tsaga guda, wadda idan hannu ya yi rawa aikin ya lalace.

Kada ka ɗauka wannan labari na Turai da Amurka ne kaɗai, domin ɗaya daga cikin muhimman bijirewar da aka yi a Afirka a Zariya aka yi ta, kuma tata matsalar dabam ce. A kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, malaman zane Turawan Ingila ne, manhajar ma tasu ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ba su ƙaurace wa aji ba, sun koyi tsarin jiki da ƙa'idar nesa da kusa kamar kowa, amma sun ƙi yarda cewa zanen kakanninsu kayan gidan tarihi ne kawai. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma wajen mahaifiyarsa ya koyi uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mayar da siririn layinsa harshen zanen zamani. Onobrakpeya kuwa, a 1967, ruwan asid ya cinye masa farantin tutiya da yake sassaƙawa don buga hoto fiye da yadda ya so. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, da ya buga sai ya ga tudu da kwarin da gam ɗin ya bari sun ba hoton wani kauri da ba a saba gani ba, ya bi wannan hanya shekara da shekaru har ta zama dabarar da aka san shi da ita. Tsautsayi irin wannan yana samun kowa a ɗakin aiki, sai dai mai ido ne kawai ke gane cewa arziki ne ya faɗo masa. A Zariyar dai, Gani Odutokun, wanda aka haifa a Ghana ya kuma koyar a jami'ar har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, ya shahara da tsinka fenti ya bar shi ya kwarara a kan ƙyalle, sannan ya bi kwararar ya ciro siffa daga cikinta, kuma ɗalibansa da dama sun gaji wannan hanya.

Wanda labarinsa ya fi kusa da zuciyata shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya je makarantar zane ta Slade a Landan a shekarun 1950, ya dawo da ƙwarewar Turawa cikakkiya, ya baje aikinsa a Khartum, sai ya lura mutanensa suna zuwa buɗe taro su gaisa su tafi, aikin bai yi musu magana ba. Wannan ya sa ya koma ga abin da idonsu ya saba da shi tun suna yara, wato harafin Larabci da zayyanar allo da launin ƙasar Sudan. Ya riƙa warware haruffa yana jan wutsiyoyinsu har fuskoki da dabbobi suka fara fitowa daga tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya tsoma a tawada, ya kuma ga zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, zai gane aikin El-Salahi tun kafin a yi masa bayani. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba, inda aka hana takarda da abin rubutu. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane a kansu da guntun fensir a ɓoye, yana binne su a cikin yashi idan mai gadi ya matso. Daga nan ya samo tsarin da ya bi bayan fitowarsa, na fara aiki daga ɗan ƙaramin tsakiya, a riƙa ƙara takarda a gefe da gefe har zanen ya girma kamar bishiya. A 2013 gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

Ban ce duk wanda ya watsa fenti gwani ne ba. Na sha ganin ayyuka a wuraren baje koli waɗanda babu komai a cikinsu sai kwaikwayon abin da wani ya yi shekara saba'in da suka wuce, kuma maimaita ɗigon Pollock a yau bin ƙa'ida ne, tunda shi ma ya zama darasi a manhaja. Idan na tsaya gaban irin wannan aiki, nakan tambayi mai shi abin da yake nema wanda buroshi ya kasa ba shi, in kuma nemi ya nuna mini guda goma da ya yi kafin wannan, da waɗanda ya yaga, domin wanda ke sarrafa dabararsa yana iya gaya maka dalilin da ya sa wannan ya yi, wancan bai yi ba, mai caca kuwa duka ɗaya ne a wurinsa.

Game da malaminka da jan bironsa, ina bayansa a kan tulu da ƙwarya, ko da yake da ni ne da na rage jan biron na ƙara bayani. Abin da yake koya maka shi ne ganin inda haske ya ƙare inuwa ta fara, da nauyin gefe guda a kan ɗaya, da sa hannu ya bi umarnin ido, kuma waɗannan su ne abubuwan da Frankenthaler ke aiki da su a daƙiƙar da take karkata gwangwani. Ka ci gaba da zana tulun a aji. Ranar Asabar kuma ka nemi takardar buhun siminti guda biyar da ragowar fentin gida, ka jiƙa jar ƙasa da bula da toka kowanne a nasa kwano, ka shimfiɗa a tsakar gida, ka yi ƙoƙarin fitar da tulun nan ba tare da tsinkenka ya taɓa takarda ba. Ka rubuta a bayan kowace takarda yawan ruwan da ka zuba da tsawon lokacin da ka jira tsakanin launi da launi, sannan ka kai wa malamin naka duka biyar ɗin ranar Litinin, har da waɗanda suka lalace.